Gina Gidan Kanka a Katsina: Daga Sayen Fili Zuwa Ɗora Kwano

Mafi yawan masu gini a Katsina da Daura ba su tara kuɗin gida gaba ɗaya kafin su fara. Albashi ne, ko kwasar adashi, ko kuɗin amfanin gona: bana a zuba harsashi, baɗi a kai linta, wata shekarar a rufe. Wannan ba aibu ba ne, sai dai yana tilasta maka sanin abin da zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Tayil, fenti, silin da get mai ado duk za ka iya ɗaga su, ko ka canza su daga baya. Fili, harsashi, rodin da ke cikin kankare da bututun da ke ƙarƙashin daɓe kuwa, da zarar an binne su, gyaransu sai da rushewa. Su ya kamata kuɗinka da idonka su fi zuwa.

Fili da takardunsa

Ka je ganin fili da damina, musamman a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane fili lafiya lau yake. Duba inda ruwan unguwa yake bi, ka tambayi tsofaffin wurin ko a da akwai kududdufi ko ramin ɗibar ƙasa a nan. Da yawa daga cikin kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa an cike su da shara an sayar, kuma gini a kan irin wannan ciko yakan zauna ya tsage ko da an zuba masa siminti mai yawa. Ka nisanci bakin rafi da hanyar ruwa komai arahar wurin. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta isa darasi. Haka ma ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake samu shi ne haƙƙin zama, yawanci na shekara 99. Saboda haka idan fili mai takardar gwamnati ne, ka kai lambarsa ofishin ƙasa a duba sunan wa ke kai, kuma ba a jinginar da shi ba. Idan awon igiya ne, kamar yawancin sababbin unguwannin da ke bayan gari ta hanyar Batagarawa ko hanyar Jibiya ko ta Mani, to sai an ƙara lura: a tabbatar gwamnati ba ta riga ta yanka wurin don wani aiki ba, a yi takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu, a kira maƙwabta huɗu su tsaya a kan iyaka. Filin gado kuwa kada ka biya sai an raba, ko duk magada sun sa hannu, har da mata. Maganar dillali cewa "babban yayansu ya wakilce su" ba ta tsayawa a gaban alƙali.

Ka ɗauko safiyo ya auna da kansa. Cikakken fuloti ƙafa 50 ne a ƙafa 100, wato kimanin mita 15 a 30, kuma ba wuya ka tarar an ci ƙafa uku ko huɗu.

Zane, kafin a sayi bulo ko ɗaya

Kada ka bar birkila ya zana maka gida a ƙasa da tsinke. Sami mai zane, ka zauna da shi kai da uwargida, domin ita ta san inda kicin da wurin shanya ya kamata su kasance. Bayan nan a kai zanen hukumar tsara birane ta jiha a sami izinin gini.

Abubuwa uku ake yankewa a wannan zaman. Na farko fuskar gida. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, kuma bangon yamma ne yake shan ranar la'asar, ya riƙe ta har tsakar dare. Ka sa dogayen bangaye da tagogi su dubi kudu da arewa, ka tura sito da banɗaki da kicin ɓangaren yamma su tare wa ɗakunan kwana rana. Gabas kuwa ta nan hadari da iska ke bugowa, don haka a rage tagogi a can. Kowane ɗakin kwana ya sami taga biyu a bango daban-daban. Taga ɗaya haske kawai take bayarwa, iska ba ta ratsawa. Alƙibla a Katsina gabas ce da ɗan karkata arewa, sai a kafa masai yadda mai zama zai dubi kudu ko arewa. A kuma kauce wa sa ƙofar zaure ta yi saiti da tsakar gida.

Na biyu, bene. Idan akwai ko da niyyar ɗora bene nan gaba, yanzu ake faɗa, a sami injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya fitar da girman ginshiƙai da rodinsu. Harsashin da aka yi wa gidan ƙasa ba ya ɗaukar dekin, kuma fasa bango daga baya a cusa ginshiƙi kwaskwarima ce kawai.

Na uku, kada ka cinye filin da ɗakuna. Bar tsakar gida, bar wurin sokawe, bar inda za a ƙara ɗaki idan iyali sun yawaita. Idan kana da niyyar haƙa burtsatse, a yi binciken ruwa a haƙa tun fili na buɗe, domin motar haƙa ba ta shiga gidan da aka riga aka gine, ga shi ginin kansa zai sha ruwa mai yawa.

Awo da harsashi

A kafa turaku a ja igiya bisa zane. Ana gane kusurwa ta miƙe da awon 3, 4, 5: ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 cif. Sannan a auna kowane ɗaki daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sau biyu a gicciye. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ɗakin ya karkace, kuma za ka gan shi ranar sa tayil da ranar ɗora kwano.

Faɗin rami ninki uku ne na kaurin bango. Bango mai inci 9 yana son rami mai inci 27. Zurfi kuwa ba lamba ce ke yanke shi ba, ƙasa ce: a wuce baƙar ƙasar sama da duk wani ciko har a taras da ƙasa mai tauri. A yawancin wurare ƙafa 3 na kaiwa. Inda jigawa ce mai rairayi sako-sako, kamar wurare da dama a ƙasar Daura, gefen rami yakan zube, kuma gara a faɗaɗa harsashin a sa masa rodi. Idan fili gangare ne, a yi ƙasan ramin hawa-hawa kamar matakala, kada a bi gangaren.

Kwaɓin kankaren harsashi shi ne 1:3:6. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, ke nan kowane buhu ɗaya zai ɗauki kwanon sarki 6 na yashi da 12 na tsakuwa. Kaurinsa inci 9, ko aƙalla 6 a ƙaramin gini. Ginshiƙi da linta da dekin kwaɓinsu 1:2:4 ne: buhu ɗaya, yashi 4, tsakuwa 8. A nan ne ake cutar mai gida ba tare da an saci ko buhu ɗaya ba. Lebura ya fi son awo da baro, shi kuwa baro yau a shafe, gobe a yi masa tozo. Sannan ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, alhali duk ruwan da ya wuce kima idan ya bushe ƙananan kofofi yake bari a cikin kankare. Kwaɓi mai kyau idan ka ɗebo shi a shebur tsayawa yake yi, ba ya malala.

Yashin ma a gwada shi. Zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a mayar da tifar. Yashi mai kaushi na rafi shi ne na kankare da bulo, mai laushi na filasta.

A kan kankaren a jera bulo mai inci 9, a cike ramukansa da kankare har zuwa DPC, wato matakin daɓen gida inda ake shimfiɗa abin hana danshi hawa bango. Tsayin DPC shawara ce da mutane ke rainawa. Ka ɗaga daɓen gida aƙalla ƙafa biyu sama da hanya, domin ranar da aka zo yin kwalta da lambatu hanyar za ta tashi. Duk wanda ya zaga unguwannin cikin ganuwa ya ga gidajen da yanzu sai an gangara ake shiga zaurensu, da damina kuma ruwan titi ya bi su ciki.

Ciko da jar ƙasa ko burji ake yi, ba da shara ko ɓaraguzan da ke da itace ba. A zuba inci 6, a jiƙa, a daddage, sannan a ƙara wani inci 6. Wanda ya juye tifa uku lokaci ɗaya ya baje, samansa kawai ya danne. Bayan shekara biyu daɓen zai rinƙa amsa kuwwa in an taka, tayil ya fashe. Bayan ciko a shimfiɗa duk bututun banɗaki da na kicin, a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri har ta hau kan bulo, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta da kamar ƙafa ɗaya, sannan a zuba daɓen kankare inci 4 zuwa 6. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 yana cin kimanin buhu 6 a kaurin inci 4. Ledar nan ita ce maganin gishirin da ke cin gindin bango, wanda za ka ga fenti na kumbura, filasta na zuba kamar gari har zuwa gwiwa. Danshin ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo ɗauke da gishiri. Manna tayil a jikin bangon ba ya kashe shi, sama kawai yake tura shi.

Sai ban ruwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake buƙata ya ci gaba da haɗuwa da siminti. Kwana 7 ne mafi ƙaranci, safe da yamma, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Da hunturu iska na busar da shi cikin 'yan awoyi, da bazara rana ce, don haka a rufe shi da tsofaffin buhuna ko yashi mai danshi, a kuma yi zubi da sassafe.

Bulo da tashin bango

Bulo mai inci 9 mai kyau guda 25 zuwa 30 ake fitarwa a buhu, mai inci 6 kuma 35 zuwa 40. Araharsa daga ƙarin yashi take fitowa. Ɗauki ɗaya ka sake shi daga tsayin ƙirji a kan ƙasa mai tauri: idan rabewa biyu kawai ya yi, to da dama-dama, idan kuwa ya watse ya zama yashi kada ka saya. Ka kuma goga ƙusa a gefensa ka ga ko yana zuba. Idan kana da ruwa a fili, buga naka ya fi, a ba shi ruwa mako guda, a bar shi aƙalla mako biyu kafin a ɗora.

Lissafinsa ba wuya. Bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 da tsayin ƙafa 10 yana cin kusan 400 bayan an cire ƙofa da tagogi, ban da na harsashi. Katangar cikakken fuloti kuwa kowane layi ɗaya bulo 200 ne, layi goma 2,000, abin da ke ba mutane mamaki ke nan. Buhu ɗaya yana ɗora kimanin bulo 50 mai inci 9 a kwaɓin 1:6. Bangon waje a yi shi da inci 9 saboda zafi da nauyin rufi. Inci 6 na rabon ɗakuna ne.

Siminti ba abin tarawa ba ne. Bayan wata uku ƙarfinsa na raguwa, da damina ma kafin nan. Idan kana son adana kuɗin gini kada hauhawar farashi ta cinye su, ka sa su a rodi ko tsakuwa ko bulo. Wanda ka sayo a jera shi kan katako, nesa da bango.

Linta

Wasu magina kan zuba linta a kan ƙofa da taga kaɗai. Ka dage a zagaya da ita gidan duka, domin ita ke ɗaure bangaye su zama abu ɗaya, ita ce kuma abin da za a ɗaure rufi a jiki. Rodi huɗu masu milimita 12, da zobba kowane inci 8. Inda rodi biyu suka haɗu su hau juna da ƙafa biyu, kuma kada haɗin ya faɗo a tsakiyar ƙofa. A kusurwa a lanƙwasa rodin ya zagaya, kada a yanke. A sa 'yan duwatsu a ƙarƙashinsa don kankare ya lulluɓe shi da inci ɗaya ta kowane gefe. Rodin da ya kwanta a kan katako zai yi tsatsa ya fasa lintar daga ciki.

Wajen sayen rodi a tafi da ma'auni. Tsawonsa mita 12 ne, kuma tan ɗaya na mai milimita 12 guda 94 ne ko kusa da haka. Idan aka ba ka fiye da haka sosai a tan, ba kyauta ba ce, rodin ne bai cika kauri ba.

Bayan linta akan ƙara layi uku. Ƙara na huɗu ko na biyar. Kuɗinsa kaɗan ne, amma silin mai tsayin ƙafa 11 da mai ƙafa 9 ba ɗaya suke ba a watan Afrilu.

Rufi

Ruwan samanmu ba shi da yawa, wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Abin tsoro shi ne iskar farkon damina, wadda kowace shekara take yaye kwanon gidaje da makarantu. Iska ba tura rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, saboda haka nauyin bulon da aka jera a kai ba ya hana komai. Tun lokacin zuba linta a dasa guntayen rodi ko ƙarfen ɗauri kowace ƙafa 4, su fito sama, a lanƙwasa su a kan katakon da ke kwance bisa bango a buga. Daga nan kowane katako a ɗaure shi da na ƙarƙashinsa da ƙarfe, ba ƙusa kaɗai ba.

Dogon rufin nan mai tsini da ake yayi an yi shi ne don ƙasashen da ruwa ke zuba kusan duk shekara. A nan katako da kwano kawai yake ci, ya kuma tare iska. Gangare matsakaici ya wadatar, da baki mai fitowa ƙafa biyu don ya yi wa bango inuwa. Ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya kewaye kwano, ya fi jure iska kuma ya dace da fasalin gidajenmu, amma rauninsa kwatar da ke bayan bangon. Ƙurar hunturu da leda da ganye suna toshe ta, ruwan farko ya taru ya zubo ta silin. In za ka yi shi, kwatar ta zama ta kankare mai faɗi da gangare, indararo su zama manya kuma fiye da ɗaya, a hau a share kowane watan Mayu.

Katako ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, har da bakin da aka yanka. Baƙin mai da wasu ke shafawa ba ya kai magani. Inda hali ya yi, rufin ƙarfe ya raba ka da gara gaba ɗaya. Kwanon alminiyam kada ya gaza kaurin milimita 0.45, mai 0.55 ya fi. A gwada a gabanka, don abin da aka rubuta a rasit ba kullum yake zama abin da aka kawo ba. A fara jera kwano daga yamma a nufi gabas, yadda bakin haɗin zai juya wa iska baya, a buga ƙusa a kan tudun kwano, ba a cikin kwarinsa ba. A bar ƙofofin iska masu raga a tsakanin kwano da silin don zafi ya sami mafita.

Wuta, ruwa da sokawe

Bututun waya a binne su kafin filasta. Waya mai 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hita, kowanne da layinsa, kuma a kafa sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake binnewa don ya kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Ko ba ka da kuɗin sola yanzu, ware layin fitilu da fankoki daban, ka bar bututu ɗaya da ya hau rufi. Bututun ruwa a cika su a bar su kwana biyu a ga ko suna yoyo kafin a rufe.

Bututun masai inci 4 ne, da gangaren kusan inci ɗaya a kowace ƙafa uku. Ramin ya zama ɗaki biyu, na farko a shafe shi da siminti ciki, na biyu a bar shi ya tsotse. A yi shi kusa da titi yadda motar kwasa za ta kai, a fitar da bututun numfashi sama da rufi. Tsakaninsa da rijiya ana son mita 30, abin da fuloti ɗaya da ƙyar yake bayarwa. Sai a sa su a ƙarshe biyu na filin, sokawe a ɓangaren gangare, a kuma tambayi maƙwabci inda nasa yake.

Ma'aikata da inda ake tsayawa

Jinga ta fi biyan yini, amma a yi ta mataki-mataki: haƙa, harsashi zuwa DPC, DPC zuwa linta, rufi. A rubuta abin da aka yi jinga a kai, kada kuɗi su riga aiki, a riƙe wani kaso sai an duba. Birkilan da ake biya bisa yawan bulo sauri zai yi, don haka a rinƙa bin bangonsa da ma'aunin miƙewa kowane layi uku. Kowace yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage a gwama da aikin da aka yi. Ranar zubin kankare kuwa ko kai ko wanda ka amince da shi ya tsaya daga buhun farko zuwa na ƙarshe.

Idan kuɗi za su yanke, akwai wuraren tsayawa uku da gini ba ya cutuwa: bayan daɓen DPC, bayan linta, da bayan kwano. Kada damina ta same ka da rami a buɗe, ko dogon bango ba linta, ko katako ba kwano. Rodin da aka bari a waje don ci gaba a shafe shi da ruwan siminti.

Bayan rufi a kafa ƙofofi da tagogi, sannan filasta: kwaɓin 1:4 a waje, buhu ɗaya na shafe kimanin murabba'in mita 9 zuwa 10, a fara da bangon gabas. A jiƙa bango kafin a shafa, a ba filastar ruwa kwana uku zuwa bakwai, a bar ta aƙalla wata guda ta bushe kafin fenti. Daga nan za a iya gama ɗaki biyu da banɗaki a tare, sauran a bi su a hankali ana ciki.